Ba Zan Cire Gilashin Ba

Arlit, daren Laraba.

Zuwa ga magabatana na garaji, bayan gaisuwa da ladabi. Littafina kaɗai zai ji wannan, amma tunda yanzu na iya rubutu, sai an rubuta.

Yau Shef Mamman, shugaban garajinmu, ya umarce ni in cire gilashi mai ninki biyu, wanda ke tare zafin rana, daga motar da muke kwana cikinta a hanyar Tchibarakaten, inda ake haƙar zinariya, wai nauyinsa yana shan mai. Na ƙi. Shi bai taɓa yini cikinta ba.

Da azahar na sa man shanu cokali guda a motata, guda a ta Alhasan direba, mai gilashi falle ɗaya, muka rufe. Kafin a idar da salla nasa ya zama ruwa, nawa kuwa yana zaune daram.

Shef ya ce, "Malam Idi, ma'aikata kake ɗauka ko man shanu?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kan ɗan Adam ma narkewa yake."

Ya ce gobe in kawo makullin motar. Zan kai masa, amma hannuna ba zai kwance tagar nan ba.

An yi wannan a gaban Alhasan direba, da Ghali makaniki, da Hajiya Rabi wadda ta ba da man shanun.