Birkin Jif ɗin Baba

Lautoka, 3 ga Nuwamba

Baba,
Gaisuwa mai yawa gare ka da Mama. Bayan haka, an zaɓe ni in yi jawabin ɗalibai ranar rabon kyaututtuka, 28 ga wata. Ka san muryata rawa take yi a gaban jama'a, amma in na hango ka zan iya. Bara birki ne ya hana ka zuwa.
'Yarka, Vasemaca

Vase 'yata,
Muna lafiya, jif ce ba lafiya. Sau uku ke nan bana ina canza birki! Jiya a gangaren Nadarivatu na taka har ƙasa, sai tsakiyar gonar rogon mutane muka tsaya. Kawunki Sailosi ya ce, "Suruki, wannan mota ce ko amalanke?" Shi da ko keke ba shi da shi! Ke mai ilimi, rubuta wa kamfanin da ke yin birkin wasiƙa mai zafi.
Babanki, Peniasi

Baba,
Ina gaisuwa. Kafin in rubuta, ranar Asabar na je Tavua wurin bakanikenka, Sukhdeo. Ya ce jif ɗin kujera bakwai gare ta, amma ranar nan ya ƙirga mutum goma sha biyar, ban da buhunan gwaza da alade. Ya ce, "Ki gaya wa babanki, birki ba ya jin kunyar dangi." Ka yi haƙuri, ban rubuta wa kamfanin ba. Me zan ce musu?
Vasemaca

Vase,
Mun gode da gaisuwa. To ya zan yi? Ɗan'uwa ya tsaya a ƙofa ya ce "kerekere", wato yana roƙon a rage masa hanya, in ce a'a? Tun kakanni ba a mayar da wannan roƙon. Maganar ranar 28 ma, mutum goma sha uku sun riga sun yi mini kerekere. Goggonki Litiana za ta kai gwaza kasuwa. In birki ya yarda, za mu iso.
Babanki

Baba,
Ina gaisuwa, amma raina a ɓace yake. Shekara goma sha bakwai ban taɓa roƙon komai ba. Yau zan yi. Kerekere, Baba: ranar 28 kai da Mama kaɗai a motar. Kerekere, Kawu Sailosi, Goggo Litiana da sauran: ku hau lori. Na rubuta, kuma ba zan goge ba.
'Yarka mai biyayya, Vasemaca

Vase,
Gaisuwa. Na karanta wasiƙarki a gaban kowa bayan an tashi coci. Sai Sailosi ya ce, "Yarinyar da ba ta iya ɗaga ido ta ɗaure gari guda." Za su hau lori. Ki tanadar mana kujerun gaba a wurin taron.

Kawunki ya dawo ya yi kerekere a ɗaukar masa kaza guda ɗaya tak a motar. Na ce ya tambaye ki.
Babanki