Ashe ɗaukar Inna ya zo yi

Laraba, Jahun

Jiya Yaya Sani ya turo saƙo da Turanci, kamar yadda ya saba tun da ya koma Abuja: "I am coming for her, not for you." Na yi dariya, na ɗauka tsokana ce, wai Inna zai zo gani, ba ni ba. Har kaza na yanka masa.

Yau da ya iso, ko zama bai yi ba ya ce, "Binta, ina kayan Inna?"

Na ce, "Wane kaya kuma, Yaya?"

"Ba na rubuto miki ba? Likitan ido na jiran ta. Kuma gara ta zauna wajena."

Inna tana kuka a hankali muka cusa zannuwanta a jaka. Shekara shida muna ɗaki ɗaya, amma sallamarmu ba ta kai minti goma ba.

Bayan la'asar na nuna wa maƙwabciyata Malama Hauwa saƙon, tunda Turanci take koyarwa. Ta ce da "to her" ya rubuta, zuwa wajenta ke nan. Amma "for her" a nan, zuwa ɗaukar ta ne. Ita kuma "not for you", wato ban da ni a tafiyar.

Ƙaramar kalma ta hana ni kwana ɗaya na shiri. Da na gane, da ko kitso na yi mata.

Ɗazu ƙarfe takwas na dare na miƙe in ɗiga mata maganin ido. Sai da na kai bakin gadonta na tuna.