Garin Gora a Ƙarƙashin Rufi

Litinin, 3 ga Maris
An ɗora katako na ƙarshe a rufin sabon ajin. Ashirin da huɗu cif, sun fito daga ginshiƙi ɗaya sun bazu kamar jijiyoyin ganye, yadda na zana su shekara biyu da suka wuce. Ba ƙarfe, gora ce zalla: a tsaga, a jiƙa a ruwan magani, a busar, a shafa gam a matse har ta zama katako. Shugabar makaranta ta ɗaga kai ta ce, "Wai nan yara za su riƙa karatu?" Daɗi ya kama ni sosai. Injiniya zai zo dubawa ranar sha huɗu.

Alhamis, 6 ga Maris
Gari a ƙasa, gefen taga. Fari, lukui, bai fi cikin cokali ba. Na ce ƙurar zarto ce. Na share.

Asabar, 8 ga Maris
Ya dawo. Wuri uku yau. Na hau tsani na ga ƙananan huda a jikin katakon kamar na allura. Na sauko na share.

Bari in rubuta tunda ba mai gani. Kwana sha huɗu ake jiƙa gora don zaƙin cikinta ya fita, in ba haka ba ƙwaro ya samu abinci. Kashin ƙarshe, na katako shida, kwana biyar kawai ya yi. Ni na ce a tsame. Dogo, shugaban ma'aikatana, ya ce, "Ranki ya daɗe, ba ta sha ba fa." Na ce shi ya yi karatun ko ni? Lokaci ya ƙure mini, ina jin kunyar a ce mai gora ta makara.

Lahadi, 9 ga Maris
Ban iya cin komai ba. Baba ya lura. Shekara arba'in yana kafinta, har yau in ya ga katako sai ya ƙwanƙwasa ya kara kunne. Na sha yi masa tsiya, ina cewa ko gaisawa suke? Ya ce gobe zai zo ya ga "ganyen nan naki". Na ce akwai ƙura, ga tarinsa. Ƙarya ce kawai.

Talata, 11 ga Maris
Kullum ina riga kowa zuwa da tsintsiya. Ni da na yi shekara shida ina koyon zanen gini, ga ni ina shara kamar ɓarauniya. Na toshe hudar da gam, na goge. Da ido ba wanda zai gane. Katakon zai ɗauki nauyi bana, wataƙila baɗi ma. Bayan nan fa? Yara sittin ne a aji.

Amma in na faɗa, shike nan. Duk waɗanda suka ce gora ta bukka ce za su ce ai dama. Ba za su ce ni na yi gaggawa ba, gorar za su zaga, kuma ba wanda zai sake ba ta dama. Wannan ya fi komai ci mini rai. Ya Allah, ina zan sa kaina.

Laraba, 12 ga Maris
Baba ya zo bai gaya mini ba. Ya bi katakon ɗaya bayan ɗaya da sandarsa. A na sha tara ya tsaya, ya sake bugawa. Haka har na ashirin da huɗu. Shidan nan, bai kuskure ko ɗaya ba. Na jira faɗa. Sai ya ce, "Sha takwas ɗin nan, 'yata, ban taɓa jin itace mai irin muryarsu ba." Ya dubi tsintsiyar da ke hannuna, ya tafi. Da ma zagina ya yi.

Alhamis, 13 ga Maris
An kawo kujerun yara. Ƙanana ne ƙwarai. An jera guda goma daidai ƙarƙashin katako na ashirin.

Juma'a, 14 ga Maris
Na makara yau. Ban ce da gangan ba ne. Tsintsiya kuma tana gida, mantawa na yi, ina jin.

Injiniya ya tsuguna ya shafa garin da yatsa, ya dube ni. Na ce, "Shida ne, yallaɓai, daga sha tara. Ni na rage kwanakin jiƙo, ba ma'aikata ba." Shugabar makaranta ba ta sake kallona ba. An ɗaga buɗewa wata uku, ban san ko da ni za a ƙarasa ba.

Dogo ya cika kwatami da ruwan magani, ya tambaya kwana nawa. Na ce sha huɗu, kuma shi zai ƙirga. Kafin in fita na ƙwanƙwasa na sha takwas na kara kunne. Ban ji komai ba tukuna. Zan tambayi Baba me ake saurare.