Guɗar Oumou a Jarrabawar Mourtala

Greensboro, Mayu 2006

Zuwa ga Yaya Chaïbou,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da duk mutanen gidanmu na Maraɗi. Allah ya ƙara maka sauƙin ƙafar nan. Mu ma lafiya lau muke, sai dai aiki ba hutu.

Maganar ɗanka Mourtala ce ta sa na ɗauki biro. Na samu saƙonka cewa ko ya ajiye ƙahon nan ya dawo gida, ko ka cire hannunka a kansa, don zuriyarmu ba ta taɓa fitar da maroƙi ba. Ban isa in yi maka musu ba, Yaya, amma ka ji abin da idona ya gani.

Digiri na biyu yake yi a kiɗan da suke kira jaz, busa da tsara kiɗa. Da rana yana ɗaukar kaya a wani sito da ke titin Wendover, in ya dawo ya hana mu sakat da busa. Jarrabawarsu ta ƙarshe ba a takarda ake yi ba, ɗalibi kan hau dandamali ya busa abin da ya tsara, malamai na zaune suna aunawa. Ya gayyace mu, amma bai faɗa mana yadda ake zama a wurin ba. Ni da ƙawata Oumou muka ci ado kamar za mu biki. Yana farawa na gane waƙar da Inna take yi in tana niƙa, wallahi sai da na yi hawaye. Oumou kuwa, uwar rawar kai, ta rangaɗa guɗa, ta haye dandamali tana liƙa masa dala a goshi. Innalillahi! Malaman suka yi tsuru-tsuru. Ashe in ya tsaya, jarrabawar ta lalace sai baɗi. Yaron nan bai tsaya ba. Ya amsa guɗar da ƙahonsa, mai ganga ya bi shi, har ta gaji ta sauko da kanta. Ya ci jarrabawar.

Da muka fito ya tattara abin da ta liƙa, ya durƙusa ya mayar mata, ya ce ta yi haƙuri, shi ba roƙo yake ba, kakarsa yake tunawa. Ka ga, kama da wane ba wane ba ne.

Ya ce ba zai sa sunan Inna a kan kiɗan ba sai da izininka. Na ba maƙwabcinmu Sanda kaset ɗin da aka naɗi busar a ciki, zai zo gida ƙarshen wata. Ka saurara kai kaɗai. In ba ka ji Inna a ciki ba, ni da kaina zan kai yaron filin jirgi.

Ka gaida mini Hajiya Kouloussoum da Abdoul Razak da Anissa. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Hamsatou