Sun Raɗa wa Kuɗi Sunan Surukina

Daga admin: wata 'yar'uwa ce ta turo, ta roƙi a sakaya sunanta. A ba ta amsa cikin mutunci.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, barkanmu da war haka. Don girman Allah ku taimaka mini da shawara, kaina ya ɗau zafi, kuma a gida babu wanda zan faɗa wa maganar nan ba ta koma inda ba na so ba. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, in ban ɗauko ta daga tushe ba, ba za ku gane inda ta ƙulle ba.

Ni matar aure ce a wani gari cikin ƙasar Tasawa, ta wajen Korgom. Na yi lakwal, wato boko, har kolej, shi ya sa da ƙungiyar manoman yankinmu ta buɗe kanti a garinmu aka damƙa mini makullinsa. Ƙungiyar nan surukina ne ya kafa ta, mahaifin maigidana, tun ana tara hatsi a rumbu ɗaya, yau ga ta ta haɗa garuruwa har cikin ƙasar Mayahi. Zan riƙa ce masa Baba kamar yadda nake ce masa a gida. Maigidana kuma shi ne sakataren komite, mutum ne mai kirki, ba zan yi masa ƙarya ba, amma in ya sa abu a ransa ko da igiya ba ka janye shi.

Bara bayan kaka wani furoje, irin na masu tallafa wa manoma, ya kawo mana tsarin kuɗin salula namu na kanmu. Ka kai gero ko wake mangaza, ɗakin ajiyar ƙungiya, a auna, a zuba maka kuɗin cikin salularka, da shi za ka sayi gishiri da sabulu da mai a kantunan ƙungiya, ka biya niƙa, har wasu 'yan kabu-kabu sun fara karɓa. Abin ya yi amfani, don mata sun daina kwasar hatsi a kwano suna karyar da shi a kasuwa saboda cefanen yini ɗaya. Matsalar ita ce kuɗin babba ne, guda ɗaya daidai yake da buhu, an sa masa suna rumbu. To mace ta zo sayen ashana, sai salula ta nuna mata sifiri, wakafi, sifiri, da wata 'yar lamba can a wutsiya. Mu da muka tashi da lissafin dala da jika, wa zai tsaya karatun wakafi saboda ashana? Kullum sai an yi gardama a bakin kanti, wata ta ce an cuce ta, wata ta fasa sayen ta tafi.

Sai aka ce komite ya zauna ya raba rumbun nan ƙanana, ya ba su sunayen da bakin mutane zai ɗauka. Wasu suka ce a kira ƙaramin tiya, kwanon awo, aka tuna tiyar kasuwar Tasawa da ta Mayahi ba cikarsu ɗaya ba, za a buɗe sabon faɗa. Wasu suka ce dala, aka ce za ta rikice da dalar kuɗin sefa. Ni a gida na ce wa maigidana abin ai a fili yake, rumbu da damma ake cika shi, dami kuma da zangarniya ake ɗaure shi, a bi haka kawai, ko tsohuwar da ba ta taɓa riƙe salula ba za ta gane. Ya ce dami ya yi, amma zangarniya ta cika tsawo.

Ranar da suka yanke ina tuƙa tuwo ya shigo, bakinsa har kunne. Ya ce na tsakiya an bar shi dami, shi kuma ƙaramin, wanda za a fi kira kullum, shi ya kawo shawara a sa masa sunan Baba, sunansa na yanka, don a girmama shi tun yana da rai, kuma kowa ya tafa. Wallahi muciyar tsayawa ta yi a hannuna. Duk mazan nan da suka cika inuwar bishiya, da masu karatun da masu furfurar, babu ɗaya da ya tuna cewa kusan rabin matan da ke zuwa kantina surukan gidan Baba ne, matan 'ya'yansa, matan 'ya'yan ƙannensa, matan jikoki. Kun dai san mu, mace ba ta kama sunan surukinta. Ɗana na cikina sunan nan aka raɗa masa, yau yana aji huɗu, ban taɓa kiransa da shi ba, Magaji nake ce masa. Na faɗa wa maigidana haka, ya yi dariya ya ce ai wannan kuɗi ne ba mutum ba, zan saba.

Ga kuma dokar aikina. Tunda yawancin masu saye ba su iya karatu ba, dole mai kanti ya faɗi kuɗin da ƙarfi, mai saye ya ji ya yarda, sannan ya danna lambarsa ta sirri. Ke nan daga safe zuwa yamma ni ce zan tsaya ina shelar sunan surukina, goma, ashirin, uku da rabi, a kan sabulu da daddawa. Ban iya ba. Na koma cewa zangarniya abina, matan garinmu suka bi ni. Can wasu garuruwan kuma da matan gidanmu suke da dangi, kowa ta ƙirƙiro nata, wasu na cewa na Baba, wasu 'yar ƙarama, wasu shaƙiyyai ma mai gemu suke cewa. Kuɗi ɗaya ya tashi da suna ya fi biyar, rikicin da aka gudu ya dawo ya fi na da.

Wata ranar kasuwa mai duba aiki na furoje ya zo yana tsaye a kaina, sai ga wani bawan Allah daga wajen garin Sarkin Hausa ya sayi mai. Na ce masa zangarniya arba'in, ya ce shi bai san wannan ba. Na juya masa salular ya gani, ya ce da ya iya karatu da bai tambaye ni ba. Layi ya yi tsawo, mai duba aikin ya ce, "Madam, faɗi abin da ke rubuce mana." Na duba hagu, na duba dama, na faɗa. A hankali na faɗa, amma ji na yi kamar zanina ya kwance a tsakiyar kasuwa. Ashe wata tsohuwar maƙwabciyarmu na cikin layin, kafin in rufe kanti labari ya riga ni gida.

Inna, uwar maigidana, matar da ke ce mini ɗiyarta, ranar ta maido mini da kwanon tuwo ko buɗe shi ba ta yi ba. Ta aiko a faɗa mini ita da ta shekara hamsin da shi ba ta taɓa kama sunansa ba, sai ni da na zo jiya, lakwal ta wanke mini ido. Har yau gaisuwata da ka take amsawa. Na kai kuka wajen maigidana ina zaton zai tausaya, ashe shi ma da nasa a ciki. Wai a majalisa ana yi masa tsiya, komite ya raɗa suna matarsa ta warware, wai ni na zuga mata suka binne sunan ubansa don ba a ɗauki shawarata ba. Muka yi ta sama-sama, irin wadda ba mu taɓa yi ba. Ya ce ko in faɗi sunan yadda yake a tsari ko in ajiye makulli, kuma in ya ji na tayar da maganar nan a gaban mutane, to in wuce gidanmu in huta. In na faɗa na ɓata da uwa, in na ƙi na ɓata da ɗa, ni kuma ba ni na zauna taron ba.

Ina cikin wannan sai abin da ya sa na rubuto muku ya faru. Da la'asar ina ɓarar gyaɗa a bayan zana, na ji sallamar Baba daga ɗaya gefen. Tunda aka kawo ni gidan nan, tsakanina da shi gaisuwa ce kawai, ina durƙushe kaina a ƙasa. Bai shigo ba, ta bayan zanar ya tsaya, ya tambayi ko ni kaɗai ce, na ce eh. Sai ya ce:

"Ɗiyata, na tahi kasuwar Tasawa. Na ji dillali na kushe wata akuya gurguwa, ya ce wagga ko ni guda ba ta kai ba. Na matsa gaba, na iske wata na roƙon a rage mata ni biyu, ta ce ai ba komi ne ba. Kowa na dariya, ba su san ni ne tsaye ba."

Sunansa da aka sa wa kuɗin yake nufi. Hawaye kawai nake. Ya ce ya san yaron don ya girmama shi ya yi, in ya buɗe baki ya ce ba ya so, ya kunyata ɗansa a gaban garuruwa, kuma za a ce tsoho ya raina kyauta. Ya ce ya ji ni mata suka zaɓa in yi magana da yawunsu a babban taron ƙungiya mai zuwa.

"Ki roƙa a canza shi. Amma kar yaron shi ji daga gare ni ta hito. Amana ce na ba ki."

Na ce to, Baba. Me zan ce in ba to ba? Tun daga ranar na lura bai ƙara zuwa kasuwa ba, mutumin da ko ciwon ƙafa bai taɓa hana shi ba. In 'yan kabu-kabu suka tsaya ƙofar gida suna cinikinsu sai ya ɗauki buzunsa ya koma ciki. 'Ya'yansa na cewa tsufa ne.

Jiya kuma maigidana ya dawo da fara'arsa, har da tsarabar tsire, ya ce in kwantar da hankalina ya warware mini matsalata. Ya yi magana da mutanen furoje, za su sa murya a cikin tsarin, duk cinikin da aka yi salular ce da kanta za ta faɗi kuɗin da ƙarfi, da sunan da komai, a kowane kanti da kowane injin niƙa. Ba sai na buɗe baki ba, Inna za ta huce, makulli na hannuna. A taron nan za a amince da shi, kuma ya ce zai sa a zaunar da Baba a sahun gaba, a kunna masa ya fara ji kafin kowa. Yana faɗa yana kallona yana jiran godiya. Na yi godiyar, tsiren kuwa ko tsinke ɗaya ban iya ci ba.

To jama'a ga inda nake, taro sati mai zuwa ne. In na yi shiru ni na tsira, aurena lafiya, aikina lafiya, amma na ci amanar tsohon da bai taɓa roƙona komai ba sai wannan. In na miƙe na ce a canza, maigidana zai ga matarsa ce ta tuɓe wa ubansa rawani a bainar jama'a bayan ya share mata hawaye, kuma na san shi, abin da ya faɗa na gidanmu zai cika shi, ga yara. In na ja shi ɗaki na faɗa masa gaskiya, ba zai iya riƙewa ba, wajen Baba zai nufa, tsohon ya san na tona shi. Na yi tunanin in bi ta wajen Inna, to ita ko kallona ba ta yi. Haushina ma ya rasa wanda zai kama, kowa a cikinsu don alheri yake yi, ni ce dai aka bari da dakon.

Don Allah masu hankali, musamman iyaye mata da suka san zaman gidan surukai, da mazan da za su faɗa mini gaskiyar yadda namiji zai ɗauki abin nan, ku ce mini wani abu. In tashi in yi magana in ɗauki abin da zai biyo baya, ko in zauna cikin mata in sunkuyar da kai, ina kallo a miƙa wa tsohon nan salula a gaban jama'a, shi kuma dole ya yi murmushi ya ce ya gode?