Kafso Shida a Kwalbar Kaka

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan kina lafiya, ya aiki, ya mutanen ɗakin ba da magani? Na rubuto ne saboda wayar Baba kullum tana aljihunsa, kuma kin san ni, in na ji muryar mutum a waya sai bakina ya mutu. Direban motar safe zai kawo miki.

Sati biyu da suka wuce fartanya ta sari Kaka a babban yatsan ƙafa, tana gyara lambun magungunanta na bayan ɗaki. Ta daka ganye ta ɗaure. Bayan kwana huɗu ƙafar ta kumbura, Baba ya kai ta asibiti da ƙyar. Aka wanke, aka yi mata allura, aka ba ta kafso na kwana bakwai, uku a rana. Ta samu sauƙi har ta koma shara.

Shekaranjiya kumburin ya dawo, da zazzaɓi. Jiya ta aike ni ɗauko mata sassaƙe a kan kantar ɗakinta, sai na ga wata kwalba a bayan kwalbar saiwoyi. Kafso shida ne a ciki. Na tambaye ta a hankali. Ta ce tun da take ba ta taɓa tone saiwa duka ba, kullum tana barin wani abu a ƙasa don ya sake tsirowa, kuma ba ta taɓa juye kwalba ta bar ta wayam ba. Ta ce, “In wani ya zo da irin ciwon nan, hannu zan ba shi?” Sannan ta ce in na faɗa wa Baba ba ni ba ita.

Ban faɗa masa ba. Ke ba ta ambace ki ba, shi ya sa nake faɗa miki. Gwaggo, laifi ne a bar shida?

’Yarki mai gaishe ki.

*

’Yar Shiru,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni, kuma rubutunki ya fi na likitocinmu kyau nesa ba kusa ba.

E, laifi ne babba. Na riga na kira Yaya, gobe da safe zai mayar da ita asibiti. Ki tafi da kwalbar ki nuna wa likita. Kada ki ji tsoron fushinta, na ce masa ni na yi zargi da kaina, kuma ba ƙarya na yi ba, don na san uwata.

Ki karanta mata wannan. Inna, ciwon nan wasu ƙananan halittu ne ke kawo shi, ido ba ya ganinsu sai da madubin asibiti. Maganin kashe su yake yi. Ranar da kika ji sauƙi ba su gama mutuwa ba, kin tsaya ne a tsakiyar aiki, suka farfaɗo. Kuma ba a ba wani ragowar maganin wani. Shekara goma sha biyar ina faɗa wa mutane wannan ta taga, ban zaci sai na faɗa wa wadda ta haife ni ba. Wannan ba jiƙo ba ne da za a riƙa ƙara masa ruwa.

Ke kuma ki riƙa cin abinci, an ce kin rame.

Gwaggonki.

*

Zuwa ga Gwaggo,

Bayan gaisuwa mai yawa. Mun je. Likitar ta ga kwalbar, ta duba ƙafar ta daɗe. Ta ɗauki biro ta zagaye inda jan ya tsaya a bayan ƙafar. Ta ce in ya tsallake layin nan za a kwantar da Kaka, kuma wataƙila a cire yatsan. Ta karɓe shidan, ta rubuta wani sabo na kwana goma. A hanya Baba sai share fuska yake da hula.

Na karanta mata saƙonki. Ina ma na tsallake maganar jiƙo. Ta ce, “Mai farar riga ta manta da jiƙon nan aka raya ta lokacin da ƙyanda ta kusa tafiya da ita.” Ta juya fuska bango. Ta ce tun ranar da kika tafi makarantar haɗa magani ba ki ƙara taɓa turminta ba, kamar zai ɓata miki hannu.

Tana sha, don ina tsaye a kanta. Amma jiya na ga ta ɗaga kwalin tana ƙirga na ƙarshe da yatsa, na san abin da take shiryawa. Ni ba zan iya yi mata faɗa ba. Da na ce ta shanye duka, sai ta ce in tambaye ki, tunda ke ce mai ilimi: wace bishiya ce uwar wannan magani, kuma wa ke barin irinta in kowa ya shanye nasa?

Jan bai tsallake ba, amma yana kan layin.

’Yarki.

*

’Yar Shiru,

Na karanta takardarki sau biyu a ɗakin ajiya, tsakanin kwalaye, don kada abokan aiki su ga idona. Maganar jiƙo kuskurena ce. Ki ce mata na tuna ƙyandar, na tuna ɗacin abin da ta ɗura mini, kuma ga ni a raye.

Tambayarta mai kyau ce, ga amsa. Magunguna da yawa da ke kan kantata daga irin aikinta suka fito. Tsohon maganin zazzaɓin cizon sauro daga ɓawon wata bishiya aka samo shi, masu magani irinta ne suka fara saninsa. Amma kakan wannan da take sha ba bishiya ba ne, funfuna ce. Wani mai bincike ya bar faranti da ƙwayoyin cuta a ciki ya yi tafiya, da ya dawo ya tarar funfuna ta fito a gefe, kuma duk inda ta kewaye ƙwayoyin sun mutu. Da wani ne, da ya wanke farantin ya wuce. Shi ya tsaya ya duba, kamar yadda Inna ke tsayawa a kan ganyen da akuya ta ƙi ci. Sai da wasu suka yi shekaru suna aiki kafin ya zama magani.

Irin yana nan. Ana renonsa a manyan tankuna, akwai masu kula da shi, ba aikinta ba ne ta ajiye. Kuma don Allah ki sa ido, kada ta kankare funfunar burodi ta shafa a ƙafa. Na san ta.

Ki gaishe ta da jiki.

Gwaggonki.

*

Zuwa ga Gwaggo,

Ina gaisuwa. Ta sa na karanta mata labarin funfuna har sau uku. Ta ce ashe ƙazami ne ya ceci duniya, ta yi dariya har da tari. Burodin kuwa kin yi gaskiya, ta tambaya, na ce kin hana.

Duk da haka a rana ta takwas ta ce biyu kawai za ta bari, don hannunta bai saba ba. Da yamma ta zauna a kujera bakin lambu, ƙafar a kan bokiti, tana nuna mini inda zan cire ciyawa. Akwai aya-aya a gefen kwalbatin ruwa. Na tsinke ganyen kawai na wuce, da gangan. Ta ce, “Ke, wa ya koya miki wannan aikin ganin ido? Tono za ki yi har ’ya’yan da ke ƙasa. Kin bar ɗaya, sati mai zuwa sun cika wurin.”

Sai na ce, “Kaka, to na ƙafarki fa? Su ma iri za ki bar musu?”

Ta dube ni har na sunkuyar da kai. Na zaci za ta kore ni. Sai ta ce, “Ashe da baki a jikinki.” Can kuma ta ce, “Ni ina ta lissafin abin da zan bari a kwalba, ban yi lissafin abin da nake bari a ƙafa ba. Miƙo ruwa.”

Saura kwana biyu. Jan ya ja baya da layin kamar faɗin yatsa biyu.

’Yarki.

*

Zuwa ga Mai farar riga,

Ni ce uwarki, yarinyar nan ke rubuta mini. Ina gaishe ki, Allah ya yi miki albarka.

Na shanye har na ƙarshe, kwalin ma an jefar. Likita ta duba yau ta ce yatsa ya tsira, ta sallame ni.

In kin samu hutu ki zo. Akwai saiwoyi uku da ban taɓa nuna wa kowa ba. Ki kai wa masu madubin nan su duba abin da ke ciki, in na banza ne a faɗa mini tun ina da rai. Ki zo da tsohon zane, don da hannunki za ki tone su.

Ki huta lafiya.

Innarki.