Bakina a Bango

Zuwa ga ƙanwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da jikoki. Ya ƙafar nan taki? Ina fatan kin daina gardama kina shan magani. Ni dai ga ni nan, ina ci, ina barci, ba inda ke mini ciwo. Mai gyaran agogo na ƙasan benenmu ne ke rubuta mini wannan, in kin ga kuskure nasa ne.

Tun shekarar da gada ta karye muka ƙetare ruwa da ƙafa zuwa ƙasar nan, kin san bayan dako aikina ɗaya ne, riƙe sunayen waɗanda muka taso tare. Ban san ko bihim ba, amma kowa yana kaina, da sunan ubansa, da inda ya tsaya, da inda aka binne shi in ya rasu. Kowace safiya nakan bi su ɗaya bayan ɗaya kafin in sha shayi.

Bara jikata, 'yar babban ɗana, wadda ta karanci harkar fim, ta zo da na'urarta ta zaunar da ni bakin taga, wai in faɗa mata su duka. Na ce sai yau amarya ta tuna da tsohon mijinta. Ta ce in daina kallon na'urar kamar mai jiran allura. Na jero su tun daga farko har ƙarshe, ban yi tuntuɓe ba. Da na gama sai na ji kamar na sauke buhu. Daga ranar na bar bitar safiya. Na ce tunda ƙarfe ya riƙe, bari kaina ya huta.

Makon jiya aka fara nuna fim ɗin. Ba irin sinimar da kika sani ba ce. Wani farin ɗaki ne bayan tashar jirgin ƙasa, da benci a tsakiya. Fim ɗin ba jarumi, ba faɗa. An daɗe ana nuna wani takalmi a bakin ƙofa, sai akwati a kan sikeli, sai labule yana motsi. Wata mata kusa da ni har da share hawaye saboda labulen. Can sai ga ni, fuskata ta cika bango, har giɓin haƙorina. Bakina yana motsi, ba murya. Ƙarar ruwa kawai. Na ɗauka lalacewa aka yi, na ce wa mai gadin ɗakin ya ƙara sauti. Ya ce ai haka aka yi shi, baba.

A waje yarinyar ta same ni. Ta ce cikin waɗanda na ambata akwai masu zama a nan da sunan aro har yau, 'ya'yansu ma da wannan sunan suke aiki. In hukuma ta ji, bakina ne zai sa a kore su. Don haka ta goge muryar gaba ɗaya, ko a na'urarta ba ta bari ba, kada wata rana a matsa mata. Gaskiyarta ce. Ta riƙe hannuna tana jira in yi faɗa. Na ce mata kunnuwana sun fito manya. Ta yi dariya, ta raka ni na hau bas.

Washegari na koma bitata. Na wuce maƙeran nan 'yan gida ɗaya, na wuce mai gishiri da matarsa, na zo kan mutumin da ya ɗora ɗanki a wuya lokacin da ruwa ya kai miki ƙirji. Wurin fili ne. Ina ganin rigarsa, ina ganin tabon goshinsa, sunan babu. Ke ba ki taɓa sanin sunansa ba, bawan Allahn nan kike ce masa. Ba a daɗe da isowarmu ba zazzaɓi ya ɗauke shi, bai bar mata ba, bai bar ɗa ba. Sunansa ba zai sa a kori kowa ba, amma an goge shi tare da sauran.

Ban yi kuka ba, haushi ma ban ji ba. Na zauna ina jira in ji wani abu, shiru. Na wanke kofina na kife.

Kullum yanzu ina ɗakin fim ɗin nan. Na gane wurin, a fim ɗin bayan na goge baki da bayan hannu, sunansa ne na gaba. Leɓuna suna haɗuwa, sannan bakin ya buɗe. Iyakar abin da na samu ke nan. Mai agogo ya fara jero mini sunaye don ya taimaka, na ce ya rufa mini baki, in na ƙarya ya shige wurin ba zai fita ba.

Ki gaishe mini da kowa. Ki gaishe da ɗan naki, amma kada ki faɗa masa.

Jibi za a kwashe fim ɗin zuwa wata ƙasa. Mai gadin ya ce ya gaji da ganina, amma zai buɗe mini kafin mutane su zo. Gobe da sassafe zan tafi da madubin askina, in zauna daf da bango, in yi ta kwaikwayon bakina, ko harshe zai tuna.

Allah ya bar zumunci.

Naki,
Yaya